Baba Hambali, wanda ya kwance akuya ya wanke direba

Da an sallame asuba, Baba Hambali yakan nufi garejinsa da ke bayan tashar Magariya, ya zauna kan tsohuwar taya, ya sa a tayar da motocin da suka kwana, ɗaya bayan ɗaya. Ba ya taɓa sufana sai ya gama saurare. Yakan ce da sanyin safiya ake jin tsagar ƙarfe, domin in inji ya yi zafi bakin tsagar rufewa yake. Bana idanunsa sun gaji da hasken walda, zai ajiye aiki, ni kuwa na ga bai dace ya tafi shiru ba.

Gwanintarsa tana kan kolekter, ƙarfen nan da ke tara hayaƙin inji ya miƙa wa turbo, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi. Iri biyu ne a kasuwa: na kamfani, baƙi mai nauyi, da mai ƙyalli wanda samarin direbobi ke mutuwa a kai, wai yana ƙara gudu. Baba ba ya zagin mai ƙyalli. Cewa yake na kwalta ne, mu kuwa rairayi muke bi da buhuna.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar Ɗanasabe, direban da ke ɗauko wa Hajiya Karima gyaɗa da wake daga kasuwannin Guci da Dogo-Dogo. Ya je Kano, aka zuga shi ya sa wa motarta mai ƙyalli ba da saninta ba. Ƙarfen ya tsage, aka yi walda, ya sake tsagewa, har mota ta kafe cikin rairayi ranar kasuwa tana fito. Hajiya ta ƙwace makulli, ta ce sayar da na asalin ya yi. Direban da aka yi wa tambarin satar kayan mota kuwa, daga nan har Damagaram ba mai sake ba shi sitiyari, ga shi da iyali.

Da aka jawo motar gareji, Baba ya shafa tsagar, ya dubi Ɗanasabe.

"Ɗana, in ka isa kasuwa me kake fara yi?"

"Buɗe kan mota nake, Baba, in sheƙa mata ruwa ta huce. Haka maigidana ya koya mini."

"Motar maigidanka tana da turbo? Ƙarfe ya yi jajir, kai kuma ka watsa masa ruwan randa! Jaki ka ɗauke ta? To, ina na kamfanin?"

Ɗanasabe ya sunkuyar da kai. "Yana gida. Matata Aisa ce ta ga nauyinsa, take ɗaure akuya da shi."

"Akuya!" in ji Hajiya, da ke tsaye a gefe. "Baba, ka ji irin ƙaryar da nake sha?"

Da wani makanike ne, nan zai tsaya, ya sayar mata da sabo, ya bar direba da kunyarsa. Baba ya hau bayan babur cikin rana tsaka, ya tafi gidan da kansa, ya roƙi matar Ɗanasabe ta ara masa turken akuyarta. Ya dawo da shi da guntun igiya a jiki da kashin akuya a kowane rami, ya dire a gaban Hajiya bai wanke ba.

"Hajiya, ga kayanki. Yaron nan wawa ne, na yarda, amma ba ɓarawo ba ne. In mota ta sake fito bayan na ɗaura wannan, ni za ki kama."

Ya goge fuskar ƙarfen ta daidaita, ya ɗaura, ya kafa wa Ɗanasabe doka: ba ruwa, kuma in ya tsaya ya bar inji ya ɗan yi aiki kafin ya kashe. Hajiya ta daɗe tana kallon igiyar nan, dariya ta ƙwace mata, ta miƙa makulli.

Baba Hambali, kai ne mai kunnen safiya. Kai ne ka san cewa in mota ta shigo gareji, mutuncin wani ya shigo tare da ita. Raina yana sosuwa in na tuna za mu rasa ka a bayan tasha, kuma ba na ɓoyewa.

Mun gode, Baba, Allah ya ba idanunka lafiya. Ku kuma masu tasowa, ku koyi zaɓen ƙarfe a wurinsa, ku koyi tashi ku je ku gani da ido kafin a kashe sunan mutum. Ɗanasabe na nan kan hanyar Guci har yau, kuma ba wanda ya taɓa kiran 'ya'yansa 'ya'yan ɓarawo.