Ranar da Muka Kai Janaretan Yaya Saratu Sabon Gari

Daga Giwa zuwa Samaru

Ban jira gari ya waye ba na fita tasha, saƙon Inna yana yi mini nauyi. Cewa ta yi in je Samaru in taho da yayata Saratu, ita da kayanta. Tun rasuwar mijinta, da tafireta Yaya take buga wa ɗaliban jami'a furojet a wani ɗan shagon kwano, da shi ta riƙe 'ya'yanta. To, a shekarar ɗalibai suka juya mata baya, kowa sai aikin kwamfuta. Ni kuwa na sayar da masarata a asirce don in saya mata kwamfuta, na ƙudura ba za ta bar sana'arta ba.

Muka wuce Shika ana buɗe shaguna. A Samaru na tarar da Yaya ta ɗaure tukwane, tana zaune a kan akwati. Na gaya mata niyyata.

"Ishaya, da girmana zan fara koyon wannan abu? Yara su yi mini dariya?"

Na ce ta zo mu gani kawai, gani ba saye ba ne. Ta yarda, amma da sharaɗin mu tafi da ɗan janaretanta a gwada da shi, tunda wutar unguwarsu sai an ga dama. Na yi ta faɗa, ta yi kamar da bango nake.

Daga Samaru zuwa Sabon Gari

Muka sha koko da ƙosai a bakin titi, muka shiga bas. Kwandasta ya ce janareta ma fasinja ne, sai an biya masa kujera. Na rungume shi a cinya har Kwangila, fetur yana ɗiga mini a wando. Wajen Hanwa ɗan sanda ya leƙo ya tambayi rasit. Yaya ta ce, "Ɗana, wa zai saci mai wannan tarin?" Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

A shagon Oga Chidi

Oga Chidi Inyamuri ne, haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar ta Bazazzagi. Kwamfutoci 'yan Kwatano yake sayarwa. Ya buɗe cikin guda biyu, ya nuna mana furosesa, wani ɗan abu da bai kai akwatin ashana ba. Ya ce shi ne ƙwaƙwalwar, sauran duk gangar jiki ne. Ɗaya sabon yayi ne, da ƙatuwar fanka a kansa. Ɗayan ya kwana biyu a duniya.

Al'adar shagon ita ce a sa kwamfutoci tsere. Aka danna su lokaci guda, maƙwabta suka taru a ƙofa. Sabuwar ta buɗe, ta shigo da hoto, ta gama, tsohuwar tana nan tana miƙa. Ni da na yi ɗan kwas na kwamfuta lokacin hutu, na cika shagon da bayani, na ce sabuwar za mu ɗauka. So nake duk layinsu a san yayata ta fi kowa.

Sai aka tayar da janaretanmu a waje. Da aka haɗa masa sabuwar da allonta da firinta, ya yi gurnani, ya yi tari, ya mutu. Aka sake, ya sake. Da aka sa hannu a bayanta kuwa, iska mai zafi ce ke fita kamar bakin murhu. Oga Chidi ya ce, "Mama, in shagonki kwano ne, wannan za ta dafa ku ke da ita a watan Afrilu." Tsohuwar kuwa janareta ya ɗauke ta lafiya lau, har da ƙwan fitila da fankar tebur a kai.

Raina bai so ba. Na ce ai sai mu ƙara haƙuri mu sayi babban janareta. Yaya ta ja kujera gaban tsohuwar. Ta taɓa harafi ɗaya, da ƙarfi, irin na mai tafireta. Ta yi kuskure, ta dafe ƙirji. Oga Chidi ya nuna mata maɓallin gogewa. Ta goge, ta daɗe tana kallon wurin da ya koma fari. Daga nan yatsun suka tuna aikinsu, shagon ya yi tsit sai ƙarar bugunta.

"Waccan ta matasa ce," in ji ta. "Wannan za ta jira ni."

Ban taɓa jin ƙaunar yayata kamar a lokacin ba, sai da na fita waje na yi kamar ina duba janareta.

Komawa

Da na biya kuɗin tsohuwar, Oga Chidi ya sa aka kawo mana teba da miyar agushi, ya hana mu biyan kuɗin abincin. Muka ɗauki shatar tasi, Yaya a baya ta rungume allon, duk ramin da direba ya faɗa sai ta yi masa magana. A Samaru muka haɗa komai, na nuna mata kunnawa da kashewa har ta iya.

Da la'asar ta rako ni bakin titi. Na tambaye ta me zan gaya wa Inna.

"Ka ce ina gaishe ta. Ka ce sai Kirsimeti, shi ma kwana biyu zan yi, saboda lokacin aiki ne."

Na isa Giwa da magariba, ni kaɗai, na isar da saƙon. Inna ta ce, "To, Allah ya ba ta sa'a." Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni hannu wofi.