Ranar da Na Dafa Faifan Yumɓu

Gidan su maigidana gidan maharba ne, kuma dokarsu ɗaya ce tun kaka da kakanni: uba ne ke zaɓa wa ɗansa bindiga, kuma duk abin da bindigar ta fara kayarwa, uban ne zai ci. Ranar da ya ci, ranar ɗan ya zama maharbi. Duk yayyen maigidana sun bi ta nan. Shi kuwa aka tura shi makaranta, har ya yi furfura yana aiki a ofishin jakadancinmu na Alƙahira, amma in mun je gida hutu suna kiransa "mai biro". Yakan yi dariya tare da su. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san dariyar ba ta wuce haƙora.

A shekararmu ta biyu a Masar wani abokin aikinsa ya kai shi kulob ɗin harbi a Giza, inda na'ura ke wurga faifan yumɓu sama, manyan mutane masu hankalinsu su tsaya suna harbinsa. Shi ke nan, mutumina ya kamu. Duk Juma'a bayan masallaci yana can da bindigar aro, ya dawo kafaɗa a kumbure ina gasa masa da ruwan zafi. In na tambaye shi nawa ya fasa, sai ya ce bindigar ce ba ta dace da shi ba. Na ce, "Malam, ko dai faifan ne bai dace da kai ba?" Kwana biyu bai ci tuwona da fara'a ba.

Sai ya ƙudura zai sayi tasa, guda ɗaya da za ta yi masa aiki biyu: faifai a Giza, agwagi a Fayum in sanyi ya shigo. Ya bi takardun izini har ya samu. Ni kuma na zama ɗaliba ba da sona ba. Ina yanka albasa ana karanta mini cewa doguwa mai nauyi ta fi bin faifai a nitse, amma a daji sai ta karya maka hannu. Ina ninke kaya ana ce mini marar nauyi ta fi daɗin ɗauka, sai dai tana harbin kafaɗa kamar jaki. Wallahi har a mafarki na san bambancin mai baki ɗaya da mai baki biyu. Amma ya ƙi saya. Yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi. Na daɗe kafin na gane abin da yake jira.

Babansa yake jira. An shirya kawo tsohon a cire masa yanar ido, kuma maigidana ya sa a ransa cewa wannan ce damarsa ta ƙarshe, don Baba ya tsufa ƙwarai. Matsalar ita ce lokacin farautar agwagi bai buɗe ba, kuma Baba ya rantse ba zai ƙara mako guda bayan an sallame shi ba, wai garin da tattabaru ke yawo a kan rufi babu mai kula su ba garin zama ba ne.

Da aka kawo shi aka yi aikin, idon ya washe, muka ɗunguma zuwa shagon bindigogi a Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira. Mai shagon, wani Bamisire mai tumbi da fara'a, ya jera su a kan tebur. Maigidana ya miƙa hannu wajen wata mai zanen zinariya a jiki. Baba ya buge hannun, a gaban mutane, kamar yaro ya taɓa nama a tukunya.

"Amarya ka zo nema?" in ji shi.

Ya ɗauki mai sarrafa kanta, wadda ke zuba harsashi bi da bi, ya ajiye da sauri. Ya ce wannan ta mai shirin kuskure ce. Ya ɗaga doguwar mai nauyi, ya ce a kai wa masu gadi. Ya shinshina wata, har yau ban san me ya ji ba. Daga ƙarshe ya tsaya a kan wata matsakaiciya mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya, ba ado ko kaɗan. Ya sa ɗansa ya rungume ta ya yi ta zagaya shagon, babban ma'aikaci da kwat yana kai da komo tsakanin kantoci, ni kuma na cusa mayafi a baki. Mai shagon ya nuna wasu 'yan bututu da ake ɗaurawa a bakinta, wani ya baza harsashi don abu na kusa, wani ya matse shi don na nesa. Baba ya gyaɗa kai. Mai shagon ya ce tamam, ai ita yake ta nuna wa maigidana tun watannin baya. Maigidana ya yi kamar bai ji Larabcin ba.

Ranar Juma'a muka tafi Giza. Tun a ƙofa Baba ya fara ɓata rai. Aka ba shi abin toshe kunne, ya ce maharbin da ya toshe kunnensa ai ya sayar da rabin idonsa. Da aka bayyana masa cewa sai mai harbi ya ɗaga murya sannan a saki faifan, ya dube ni.

"'Yar nan, ihu ake yi wa nama a ƙasar nan kafin a harbe shi?"

Na ce, "Haka suke yi, Baba. Ladabi ne."

Maigidana ya tsaya a wurin harbi, babansa a bayansa. Mutumin da ya yi wata da watanni yana ƙwala ihu a filin nan, ranar sai ga shi ya ranƙwafa kamar mai sanɗa, ya yi raɗa. Mai na'urar bai ji komai ba. Ya sake raɗa. Misirawan da ke jiran layi suka fara "yalla, yalla", wai ya yi sauri. Da ƙyar murya ta fito, faifan ya tashi, jan abu kamar murfin kwano. Sai Baba ya ce a hankali, "Bari ta sauka."

Kuma maigidana ya bari! Ya bi faifan da bakin bindiga har ya faɗi a ciyawa lafiya lau. Na biyu ma haka. A gidansu ba a harbin abin da ke sama, asarar albarushi ce, sai tsuntsu ya sauka ya manta da kai. Misirawa suka kasa gane abin da ke faruwa, wani ya matso yana ce masa ma'alish, wato ya yi haƙuri, ko bindigar ce ta ƙi tashi? Na dubi ƙeyar mijina, gumi na bin wuyan rigarsa. Dariyata ta ɗauke. Tausayinsa ya kama ni, sai kuma haushi ya biyo baya, don na ga zai tsaya nan har magariba yana yi wa babansa biyayya, a tashi ba a kayar da komai ba.

Na manta da kunyar suruki. Na ce, "Haba Baba! Wannan tsuntsuwar in ta sauka an gama, ba a yarda a harbi ƙasa a nan ba. Malam, don Allah harba!"

Ya harba, ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. Baba ya yi tsaki. A na gaba faifan ya tarwatse a sama, jan gari ya watsu, ni kuma na rangaɗa guɗa a tsakiyar Giza har wani tsoho ya saki kofin shayinsa.

Baba ya dubi inda gutsattsarin suka zuba. Ya jira aka dakatar da harbi, ya sa aka raka shi cikin filin, ya duƙa da sabon idonsa yana tsintar gutsattsarin yumɓun yana zubawa a hularsa. Muka shiga mota. Maigidana ya ƙura wa titi ido, na san abin da ke ransa: bindiga ta kayar da abin farko, kuma ba abin ci ba ne. Dama ta wuce.

Muna shiga gida Baba ya miƙo mini hular, fuska a murtuke.

"Ga naman. A dafa."

Na duba ko wasa yake. Gefen gemunsa ne kawai ya ɗan motsa. To, ni za a gwada? Na ce, "Da romo ko a soya, Baba?" Ya ce yadda 'yan garin ke yi.

Na sauka kasuwar unguwa na sayo tattabaru, na cusa musu shinkafa irin ta Misirawa, na soya su suka yi ja. Na wanke gutsuren yumɓu mafi girma, na ɗora a saman tiren, na kai gabansa na durƙusa. Baba ya yi bisimilla. Ya ɗauki yumɓun ya lasa, ya ajiye a gefe kamar ƙashi, sannan ya yagi cinya. Ya daɗe yana taunawa.

"Shekaruna duka a daji," in ji shi, "ban taɓa harbo tsuntsu da shinkafarsa a ciki ba. Yayyenka ma ba su taɓa ba." Ya tura tiren gaban ɗansa. "Sa hannu, maharbi."

Maigidana ya sa hannu ya ɗebi loma ɗaya. Ya tashi ya shige banɗaki ya saki famfo, wai barkono ne ya shiga idonsa. Ban sa barkono a girkin ba.

Da sanyi ya shigo ya je Fayum da bindigar, ya dawo da agwagi biyu na gaske, masu jini da gashi. Na fige su, na dafa, muka aika wa maƙwabta. Baba ya rasu kafin lokacin. Yayyen kuwa, tun ranar da tsohon ya koma ya ba su labari, ba wanda ya ƙara cewa "mai biro".