Nuhu, Wanda Ba Ya Sakin Sirdi Sai Ya Faɗa

Shekara takwas ke nan da rasuwar ƙanina Nuhu, ban kuma taɓa rubuta komai a kansa ba. Ni ba mutumin biro ba ne, allura da zare na sani, ɗinkin manyan riguna nake yi a zauren gidanmu na Kwarbai tun ina saurayi. Abin da ya sa na zauna rubutu bana shi ne, Nuhu ya tafi ya bar wani aiki bai ƙarasa ba, na karɓa na ɓata shi da hannuna, na yi shekara bakwai ina ɗauke da nauyinsa. In na faɗi aikin wani zai yi dariya. Koya wa autansa Bashir keke ne.

Nuhu akawu ne a ofishin wata makarantar sakandare. Yana da matarsa Hajara, malamar firamare, da 'ya'ya uku duk maza: Abba, mai sunan mahaifinmu, sai Sadik, sai Bashir. Yana da 'yar motarsa, ba laifi, tana kai shi aiki tana dawo da shi. Amma ranar Asabar, da an sallame sallar asuba, sai ka ji shi a tsakar gida yana buga famfo. Zai duba iskar kowace taya da babban yatsa, ya ɗiga wa kaca baƙin mai, ya matsa birki, sannan ya tashi yaran. Shi ke wanke musu fuska, shi ke dama musu koko, don ya ce Asabar ranar hutun Hajara ce, kada wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Daga nan su fita: Abba a gaba, Sadik a tsakiya, shi a baya da Bashir a kan wata 'yar kujera da ya sa aka ƙera masa a bayan sirdi. Sukan fita ta Ƙofar Kuyambana su nufi dutsen Kufena a bayan gari, su sha rake a gindin dutse, su dawo kafin rana ta yi zafi.

Mutanen unguwa fa ba su gane ba. A cikin birni, magidanci mai mota ya hau keke, to an san akwai magana. Farko aka ce motar ce ta lalace. Da aka ga lafiyarta lau, aka koma raɗa cewa ko an sallame shi daga aiki ne. Wata gwaggonmu har gida ta zo, ta ja ni gefe tana tambaya ko Nuhu ya samu karayar arziki ne muke ɓoye mata. Na ce Gwaggo, ƙalau yake, wai motsa jiki yake yi. Ta dube ni ta ce, to wane ne ya riƙe masa jikin da sai ya motsa shi? Ni ma ban raga masa ba. In suka wuce zaure ina jan zare, sai na ce ga ayarin Malam Nuhu za a tafi fataucin iska. Murmushi kawai yake yi, ya ce, "Yaya, ranar da tumbin nan ya hana ka ganin allura, akwai keke a ajiye."

Yana da dokoki, yaran kuma sun haddace su. Ba a wuce dattijo a kan keke. In suka tarar da manya zaune a ƙofar gida, kowa zai sauka, ya ja kekensa da hannu, ya gaishe su, sai an ba da baya sannan a hau. Wanda ya san lungunan Kwarbai ya san abin da wannan ke nufi. Tafiyar da ba ta kai komai ba sai ta cinye musu rabin safiya, ana hawa ana sauka, Sadik yana ƙunƙuni. Nuhu kuma ba ya shiga gabansu ko da wasa. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce in yana gaba hanya kawai zai gani, in yana baya yana ganin hanya yana ganin 'ya'yansa.

Amma dokar da ta fi ba ni haushi ita ce ta koyarwa. Kowa ya san yadda ake koya wa yaro keke a garin nan. Ka riƙe masa sirdi, ka bi shi da gudu kana cewa ina riƙe, ina riƙe, sai ka zare hannu bai sani ba. Ya faɗi sau biyu sau uku, ya ƙuje gwiwa, shi ke nan ya iya. Nuhu ba ya yin haka. Zai riƙe ya yi ta gudu, in ya ga yaro ya daidaita sai ya ce, "Zan saki. Ka yarda?" In yaron ya ce a'a, to ba zai saki ba, ko da kuwa ya ga ƙarara ya iya. Abba ya yi kusan wata biyu yana cewa a'a, ubansa na binsa yana haki kamar wanda ya yi tseren kama akuya.

Wata rana na kasa haƙuri na ce, kai Nuhu, wannan wahalar banza ce, ka sake shi mana, ai haka aka koya wa kowa. Ya tsaya yana share gumi, ya shafa wani tabo da ke haɓarsa, ya ce, "Ka tuna wannan?" Na tuna mana. Ni na koya masa keke muna yara, a kan keken haya, a gangaren da ke bayan ganuwa. Na sake shi bai sani ba, ya waiwayo, ya kifa kan dutse. Na ce to ba ga shi ka iya ba? Ya ce, "Yaya, faɗuwar ba ta dame ni ba. Na waiwayo ne ina neman ka, na hango ka can nesa kana dariya, alhali yanzu ka ce mini kana riƙe. Ni ba na so ɗana ya fara sanin cewa ina iya yi masa ƙarya a kan abin da yake jin tsoro." Na yi dariya na ce boko ya ɓata shi. Wallahi a ranar ban ɗauki maganar a bakin komai ba.

Bashir na da shekara biyar aka fara nasa. Ɗan ƙaramin jan keken da ya gada daga Sadik aka sauke wa sirdi. Asabar uku suka yi a wani fili kusa da Kufena, kullum amsarsa a'a. Ta huɗun ba ta zo ba. Nuhu ya kwanta ciwo, abin da muka ɗauka zazzaɓi ne na kwana biyu, kafin mako biyu Allah Ya karɓi abinSa.

Bayan Hajara ta gama takaba, na ga yaran sun yi shiru da yawa, musamman ranar Asabar. Na ce bari in yi abin kai. Na goge jan keken, na ɗora Bashir a babur ɗina, Abba ya biyo mu da keken a hannu. A filin nan na riƙe sirdi na fara gudu. Yaron nan ya iya, kowa ya gani ya san ya iya. Gwiwata ta fara ciwo, sai na yi abin da hannuna ya saba. Ina cewa ina riƙe, na zare hannu. Ya yi taku kamar goma lafiya lau, sannan ya waiwayo.

Bai ji ciwo sosai ba, tafin hannu ne kawai ya ƙuje. Bai ma yi kuka ba, da ma ya yi. Ya tashi ya kaɗe wandonsa, ya dube ni ya ce, "Baffa, Baba ba ya saki sai ya faɗa." Daga ranar bai ƙara ɗora ƙafa a kan feda ba.

Mun yi lallashi, mun yi faɗa, Abba da Sadik sun gwada iya ƙoƙarinsu, ya ƙi. Ba rashin kunya yake mini ba, yana gaishe ni, yana zuwa aike. Sai dai in na ce masa zan zo in kai shi wuri kaza ranar kaza, sai ya ce to, da irin muryar wanda bai sa rai ba. Wannan ya fi komai ci mini rai. Ya kai shekara goma sha uku, sa'o'insa na yi masa tsiya wai gansamemen yaro bai iya keke ba, shi kuwa ya gwammace ya taka har unguwar Tukur-Tukur da ƙafa, duk nisanta.

Sau da yawa ina tunanin me Nuhu zai ce da ya ga garin yanzu. Lungunan da yake sa yara su sauka, yau babur ne ke shigowa a guje, ɗan acaɓa ya watsa wa dattijo ruwan kwata ko juyowa ba zai yi ba. Wannan zai ɓata masa rai. Amma akwai abin da zai sa shi dariya har da hawaye. Yanzu ranar Asabar sai ka ga manyan mutane, da hular kwano da matsattsun kaya, sun jero a kan kekuna masu tsada suna nufar Kufena, ana tsayawa ana ɗaukar hoto a waya. A cikinsu har da waɗanda suka ce ya karye. Ni kaina likita ya duba ni ya ce hawan jini da suga sun yi sallama, in rage zama, in samu keke in zan iya. Na fito daga asibitin ina jin muryar Nuhu a kunnena, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Watanni biyu da suka wuce, Bashir ya shigo zaure da wayar mahaifiyarsa. Wani tsohon hoton Nuhu ya buɗe, ya faɗaɗa wajen fuskar, ya tambaye ni me ya sami Babansa a haɓa. Da zan iya cewa faɗuwa ya yi, in ci gaba da ɗinkina. Na soke allurar a jikin rigar, na ba shi labarin duka, har da dariyar da na yi, har da abin da ubansa ya gaya mini na raina. Sannan na ce masa, Bashir, na yi wa babanka, ya gargaɗe ni, na dawo na yi maka. Ka yafe mini. A gidanmu babba ba ya roƙon yaro gafara, bakina ma nauyi ya yi. Ya daɗe yana kallon hoton. Can ya ce, "Jan keken ya yi mini ƙarami yanzu." Na ce na babanka yana nan.

Abba ne ya fito da shi daga ɗakin ajiya, ya canza masa taya, ya kwance 'yar kujerar bayan. Muka koma filin nan. Ku yi tunanin mutum mai shekara kusan sittin, da tumbi, ya tattare riga yana bin saurayi da gudu. Masu hular kwano suna wucewa suna kallona, ban kula su ba. Asabar ta farko na ce zan saki, ka yarda? Ya ce a'a. Ta biyu a'a. Ta uku ma a'a, alhali ni da shi mun san yatsa biyu kawai na ɗora a sirdin. Na gane ba keken yake gwadawa ba, ni yake gwadawa. Na ci gaba da riƙewa, in dawo gida a shafa mini man zafi.

Ranar Asabar ta huɗu ban tambaye shi komai ba. Muna cikin tafiya ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Baffa, kana riƙe?" Na ce ina riƙe. Ya ce, "To, saki."

Sai hannuna ya ƙi. Shekara bakwai ina jiran wannan kalma, da ta zo na ji ba na so. Wannan ne abu na ƙarshe da Nuhu ya bari a buɗe, in na saki ya gama aikinsa a duniya ke nan. Na ƙara taku biyar ko shida ina riƙe da sirdin ƙanina. Sannan na ɗaga murya yadda zai ji sosai, na ce, Bashir, na saki. Bai waiwayo ba.

Nuhu bai bar gida na kansa ba, bai bar suna da za a sa wa titi ba, motar ma an daɗe da sayarwa. In aka ce in auna abin da ya rage nasa, ina ganinsa a wajen Abba, wanda in ya ce maka zai zo da la'asar, to ka shimfiɗa tabarma. Ina ganinsa a wajen Sadik, da har yau in suna tafiya yake barin ƙaninsa a gaba. Na kuma gan shi a wannan safiya. Bashir ya zagaye filin, ya yi nisa har ya zama ɗan ƙarami a gindin dutse, sannan ya juyo. Ni kuwa na zube a ƙasa ina mayar da numfashi. Na zaci zai wuce ni a guje yana murna, kamar yadda kowane yaro zai yi. Saura kaɗan ya iso sai ya ja birki, ya sauka, ya jawo keken da hannu har gabana. Ba wanda ya koya masa wannan, daga kan 'yar kujerar bayan ubansa ya gani. Ya ɗan rusuna ya ce, "Baffa, barka da hutawa."

Allah Ya jiƙan Nuhu, Ya haskaka makwancinsa, Ya riƙe masa yaran nan fiye da yadda na iya riƙewa.