Ranar Ɗaga Jinkar Inna

Da asuba muka dama fura mai yawa, don ranar gayya ce. Ɗakin surukata Inna ya tsufa, damina ta ƙarato. Maigidana ya ɗaure tsaiko a ƙasa, ya baibaye shi da sabon shibci, saura ɗagawa bisa bango. A tungarmu ta dajin Dakoro, jinka ba ta hawa sai kowane namiji ya sa kafaɗa.

Da hantsi maza suka jingine baka da kwari a gindin aduwa, suka sunkuya suka shige ƙarƙashin jinka. Gefen gabas ya ƙi tashi. Aka ƙwala wa Ɗan Baba, mai gadinmu a kan tudu, kira ya sauko ya kama. Wayyo, wannan kira!

Jinka ta tashi. Ba ka ganin komai sai ƙafafu. Muna guɗa, shi ya sa ba mu ji raƙuma ba sai da suka keta zana.

Mahara ne, fuska a naɗe. Ba su tsaya neman kowa ba, ƙafafun suka bi da sara. Jinka ta karkace, ta kife a kan mazanmu. Na ji muryar maigidana daga ciki: "Ku gudu! Kudu!" Wani la'ananne ya zaro itace mai wuta daga murhuna, nawa na kaina, ya cilla bisa shibcin. Busasshen shibci ba ya jira. Wanda ya leƙo, mashi ya mayar da shi.

Na saɓa ɗiyata Hadiza, na fizgi hannun Inna. Tana tirjewa, tana kiran ɗanta. Wallahi jan ta na yi kamar akuya.

Azahar ta same mu kwance cikin sabara, tafina a bakin Hadiza. Muna jin kukan shanunmu ana kora su arewa. Da la'asar muka miƙe, ƙaya ta cinye mana sawu, ba mu tsaya ba sai Kornaka.

Da ƙura ta lafa, mazan Kornaka suka raka mu tungarmu. Suka tone tokar a hankali da gwafa. Inna ta durƙusa ta daɗe tana dubawa, ni ma na duba. Ita ta haife shi, ni na aure shi, ba wadda ta gane shi. Kabari ɗaya aka yi musu duka.