Kunyar 'Yar Fari a Gaban Alƙali

Cikina ya tsufa lokacin da matar da ke karɓar masu awo a asibiti ta turo mini katina ta ce, "Ina takardar aure?" Na ce an ɗaura, ga ma shaida nan a gabanta, na nuna mata cikin. Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce haihuwa dai za su karɓe ni, amma in babu takardar aure daga mahkama, wato kotu, jariri ba zai samu takardar haihuwa ba.

Ni haifaffiyar Jidda ce, ba sai an yi mini bayani ba. Na taso a unguwar Bani Malik tare da yaran da ba su da takarda, ba makaranta, ba asibiti, da sun hango motar 'yan sanda sai su shige lungu. Na ɗauki katina na fito daga asibitin.

Irin na gida aka ɗaura aurenmu, a masallacin unguwa bayan la'asar, aka shafa fatiha, aka raba dabino da alawa. Maigidana direba ne a wani gida a unguwar Abhur, kullum sai ya ce gobe za mu je a rubuta. Ranar na kira shi na sauke masa kwandon masifa. A makon ya nemi izini wurin kafilinsa, Balaraben da yake yi wa aiki, muka tafi mahkama da shaidu biyu da Baffa, ƙanin mahaifina.

Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya. Ya saurari shaidu, komai na tafiya daidai, sai ya ce, "Wa ya ba da aurenta?"

Baffa ya miƙe yana gyara hula. "Ni ne, ya shehi."

"Mahaifinta ya rasu?"

"Yana nan da ransa."

"Tafiya ya yi a lokacin?"

"A'a. Gidansa ma yana jikin masallacin."

Alƙali ya cire tabarau ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Uba yana raye, lafiyarsa ƙalau, bango ɗaya tsakaninsa da wurin ɗaurin aure, amma bai zo ba? Ko dai bai yarda da auren ba ne? Baffa ya shiga kame-kame yana cewa al'ada ce. Alƙali ya ce bai musa ba, amma sai uban ya zo da kansa, ya faɗi da bakinsa cewa wannan 'yarsa ce, ya ambaci sunanta, ya ce shi ya wakilta ɗan'uwansa. In ba haka ba, babu takarda. Ya sa mana rana.

A nan gabana ya faɗi, domin na san wanda za a je kira.

Ni ce 'yar fari. Baba ya zo aikin hajji daga ƙasar Katsina yana saurayi, ya zauna, ya zama tela. Larabci ya zauna a bakinsa, karin kumallonsa ful da tamis ne, wake da gurasa, kamar kowa, amma kunyar ɗan fari da ya taho da ita ko ƙwarzane Jidda ba ta yi mata ba. Ga shi kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, wadda bai sake gani ba tun da ya baro gida. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ni ce "ke", ni ce "waccan". In baƙo ya tambaya, sai ya kau da kai ya ce, "'Yar wajen ƙanina ce." Ƙannena yana saɓa su a kafaɗa ya kai su bakin teku, ni kuwa sai dai ya ba Umma alawa ya ce a ba mutanen gidan. Umma takan ce so ne ya yi yawa. Ni kuma nakan ce son da aka kulle a akwati bai ƙari kowa da komai ba. Ranar ɗaurin aurena rufe shago ya yi ya bar unguwar, bai dawo ba sai da aka watse.

Umma ce ta fara kai masa maganar. Ya ce, "Ai tana da uba, a je wurinsa," yana nufin Baffa. Baffa ya je, Baba ya ce masa, "Kai ka ba da ita, kai za ka ƙarasa." Maigidana kuwa, suruki ne, gaisuwa kawai ya iya yi ya taso.

Rana tana matsowa, ciki yana sauka. Na ja ƙafafuna da suka kumbura na tafi shagon da kaina, abin da ban taɓa yi ba. Yana kan keke yana ɗinke bakin wata jallabiya. Na durƙusa da ƙyar na gaishe shi, ya amsa wa keken.

Na ce, "Baba, ban taɓa roƙonka komai ba. Ban ce ka so ni a gaban mutane ba. Abin da ke cikin nan ne ba shi da laifi. In ba ka zo ba, haka zai tashi yana gudun 'yan sanda a garin da aka haife shi."

Keken bai tsaya ba. Can ya ce, "A gaya wa mutanen gidan su daina yawo a rana da wannan nauyin."

Abin da na samu ke nan. Na fito ina kuka, ina jin haushinsa kamar in mutu.

Ranar zaman, mun isa tun da safe, babu Baba. Umma ta ce tun asuba ya fita bai ce ga inda za shi ba. Ina zaune a ɓangaren mata, marata tana ɗaurewa tana saki, ina addu'a kada haihuwa ta zo mini a kan benci. Aka kira waɗanda ke gabanmu. Aka kira mu. Maigidana yana ta leƙen ƙofa, gumi ya jiƙa masa riga. Mun shiga ke nan sai ga Baba, cikin farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya wuce ni kamar bai ga kowa ba.

Alƙali ya karɓi iƙamarsa, takardar izinin zama, ya duba, ya nuna ni. "Ya hajji, wannan 'yarka ce?"

Ina jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Baba yana kallon ƙasa.

"'Yar ƙanina ce," in ji shi.

Magatakarda ya ɗaga hannu daga rubutu. Baffa ya ce, "Haba Yaya!" Alƙali ya ɗaga masa hannu, ya ce da Baba, a takarda an rubuta kai ne mahaifinta. In ba haka ba ne, to maganar ta wuce ta aure, ta zama wata daban. Zan sake tambaya sau ɗaya, daga nan na rufe magana.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, da Hausa, a gaban kowa. "Baba, don girman Allah. Sau ɗaya dai."

Bai dube ni ba. Na ga hannunsa ya damƙe gefen jallabiya, hannun da ke zura zare a allura ba tare da ya duba ba. Sannan ya ce, da Larabci, "'Yata ce. Ita ce ta fari." Sai ya faɗi sunan. Ba yadda mutanen Jidda ke faɗinsa ba, yadda ake faɗinsa a garinsu, a hankali, muryarsa ta karye a tsakiya. "Ni na wakilta ƙanina. Na yarda da auren, tun ranar na yarda."

Alƙali ya ce a rubuta. Ni dai ban ji sauran ba, niƙabina ya jiƙe sharkaf.

A waje, maigidana ya rungume takardar a ƙirji kamar za a ƙwace. Na tsaya kusa da Baba. Ina jira ko zai dube ni, yanzu da bakin ya riga ya buɗe. Ya gyara hularsa, ya juya wajen maigidana.

"Ka sa waccan a gaban mota," ya ce. "Ka bi da ita a hankali, hanyar nan akwai ramuka."