Anti Guga Ba Ta da Katin Inshora

A ɗakin wankin otal ɗin, can ƙasan bene inda injina ke ruri, kowa Anti Guga yake ce mata. Ta daɗe tana goge zannuwan gado da rigunan masu girki, amma har yanzu 'yar wucin gadi ce, ranar da ta zo a biya ta. Katin inshorar lafiya kuwa sai ma'aikatan dindindin.

Kansar bakin mahaifa ce ta yi ajalin yayarta. Anti Guga ce ta yi jinyarta, kuma ita likita ya gaya wa cewa da an yi gwaji da wuri, da wataƙila an tare cutar. Bayan rasuwar, ranar hutunta ta farko ta nufi asibiti don a yi mata gwajin.

“Kina da inshora?” in ji mai karɓar kuɗi.

“Ba ni da ita.”

Ya faɗi farashi. Ya kusa albashinta na mako. Ta tambayi na masu kati, ya ce su ɗan canji kawai suke cikawa. Ta gode masa, ta fito.

Washegari tana ninke tawul da Doguwa, abokiyar aikinta, wadda ta daɗe da zama ta dindindin.

“Ke kin taɓa yin gwajin nan?”

Doguwa ta taɓe baki. “Haba Anti, lafiyata ƙalau in je a leƙa ni? Katin ma yana ƙasan jaka.”

“Ni ina nema ban samu ba, ke kin mayar da shi mafici. Ranar hutunki zan zo har gida in ɗauke ki.”

Ta kuwa je. Ta zauna a benci riƙe da jakar Doguwa har nas ta gama. Da sakamako ya fito aka ce an ga ɗan canji a bakin mahaifar Doguwa, bai kai ga zama kansa ba. Aka yi mata magani, ta yi ɗan hutu ta dawo aiki, ta rage surutu na kwana biyu.

Doguwa ta ce za ta biya mata nata gwajin. Anti Guga ta ƙi, ta ce ta riƙe abinta, ita ma yara gare ta. Ta riƙa karɓar gugar unguwa bayan ta tashi aiki, kafaɗarta na ciwo, har kuɗin suka taru. Aka gwada ta, ba a ga komai ba.

Mijinta, direban motar haya, ya yi dariya. “Wato duk wahalar nan, an ce miki babu komai?”

“Abin da na je saye ke nan, Baban yara.”

Ba ta tsaya nan ba. Ta tara sauran matan wucin gadi, masu shara da masu wanke-wanke, suka hau bene wurin manaja da kayan aikinsu a jiki. Ta ce masa ba ƙarin albashi ya kawo su ba, so suke a sa su cikin inshora. Ya ce zai duba. Da ta koma ya sake cewa zai duba. Yanzu sakatariyarsa da ta hango ta sai ta jawo mata kujera, ta ce, “Yana ciki, Anti, bai fita ba.”