Ashe Damshin Ibadan Ne, Ba Injina Ba

Jama'a, ku taya ni murna, yau har rawa na taka a shago!

Riga ta huɗu ke nan ina ɗaga murfin injin manna zane a riguna da zafi, in ja ledar da ke kan zanen, zanen ya biyo ta kamar ɓawon ayaba. Ga riguna hamsin na ɗaliban Islamiyyar layinmu a nan Sabo, gobe da safe walimar saukarsu. Na ƙara wuta, na ƙara lokaci, duk a banza. Har na tsayar da ɗan okada zai kai ni Mokola wurin mai gyara.

Sai maƙwabcina Baba Ilu mai wanki da guga ya leƙo. Ya ɗauki riga ɗaya ya kara a kumatunsa.

"Ɗana, daga ina ka zo da injin nan?"

"Daga Kano, Baba. Can bai taɓa ba ni kunya ba."

"To nan Ibadan ce, kuma damina ake. Rigar nan a ido ta bushe, amma damshi ne fal cikinta. Fara danna ta haka nan babu zane, mu gani."

Na danna. Wallahi sai ga tururi kamar an buɗe tukunyar alala! Na ɗora zanen na sake dannawa, ya kama ram. Na gwada kankare shi da farce, ko gezau.

Na rungume Baba ina ihu, ɗan okada ya gaji da jira ya yi gaba.

Dattijon da dutsen gugar gawayi kawai ya sani, shi ya fitar da ni kunya da kumatunsa. Ku fa, wa ya taɓa ceton sana'arku daga inda ba ku zata ba?